Yaronku Ba Ya Ji: Makarantar Kurame, Ta Unguwa, Na'urar Ji, Ko A Haɗa?

Da zarar likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu ba ya ji, sai shawarwari su yi musu rubdugu. Kaka ta ce a yi haƙuri, ai wane ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe. Wani ya ce a nemi kuɗi a sayo na'ura, kuma kada a kuskura a bar shi ya saba da nuni da hannu, don in ya saba ba zai taɓa magana ba. Wani ya ce a kai shi makarantar kurame. Maƙwabciya ta ce ta unguwa ma ta ishe shi, ya riƙa bin 'yan'uwansa. Kowa da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma ku iyaye ne za ku yanke, kuma yawancinku ba ku taɓa zama da kurma a gida ɗaya ba kafin naku. Ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne.

Hanyoyi huɗu ne a gabanku: makarantar kurame da ake karatu da maganar hannu, makarantar unguwa tare da masu ji, na'urar ji da koyon furuci ba tare da hannu ba, sai kuma haɗa maganar hannu da na'ura. Ina da inda na karkata, kuma ba zan ɓoye ba: duk hanyar da za ta bar yaro ya shekara biyar babu wani harshe a kansa, ta fi kowace tsada ko da kyauta aka ba ku ita. Amma yara sun bambanta, aljihu ma ya bambanta, don haka sai an auna.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne harshe nawa ne yake isa ga yaron a kullum. Kunne ne ya sami matsala, ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau, kuma tana jiran harshe kamar ta kowane jariri. Ba ta damu ba ko ta kunne ya shigo ko ta ido. A 1960 wani malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington, William Stokoe, ya nuna cewa maganar hannu ta kuramen Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta, ba kwaikwayon Turanci ba. A 1991 kuma Laura-Ann Petitto da abokiyar aikinta a Kanada suka nuna cewa jariran da suka tashi a gidan masu maganar hannu suna gwaranci da yatsunsu, daidai lokacin da jarirai masu ji suke gwaranci da baki. Sai dai wannan ƙofa ba a buɗe take har abada ba. Binciken da Rachel Mayberry ta daɗe tana yi a kan kuramen da suka makara wajen samun harshen farko ya nuna cewa makarar tana barin tabo: ko sun koya daga baya, fahimtar jimla mai tsawo da karatu sukan yi musu wuya har girma. Shekarun farko, daga haihuwa zuwa wajen biyar, su ne jarin. Shi ya sa zaman jiran baki ya buɗe da kansa yakan zama jiran gawon shanu.

Na biyu, matakin rashin jin da lokacin da ya zo. Ana auna ƙarar sauti da desibel, kuma hira ta yau da kullum tana wajen 60. Yaron da ya rasa 40 ko 50 yana jin wani abu, na'ura za ta yi masa amfani sosai. Wanda ya rasa sama da 90, ko an yi masa ihu a kunne ba kalma yake ji ba. Haka kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin wanda aka haifa ba ya ji da wanda ya iya Hausa sarai sannan ciwo ya tafi da jinsa. A ƙasar Hausa irin na biyun suna da yawa, saboda sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma kurumta na cikin abin da take bar wa waɗanda suka tashi. Shawarar jarirai mai tsanani da wasu allurai irin su gentamicin in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, su ma suna cikin sanadi. Kafin ku zaɓi komai, ku yi gwajin ji na gaskiya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne, don yana iya ganin inuwa ko ya ji iska ya waiga.

Sauran ma'aunan a bayyane suke. Kuɗi, kuma ba na ranar farko kaɗai ba, har da na kowane wata. Ɗorewa, wato ko abin zai ci gaba da aiki in kuɗi ya yanke ko kun sauya gari. Sauƙi a kan mutanen gida. Sai haɗari: in hanyar ta ƙi, me yaron ya rasa, kuma ana iya mayar masa?

Hanya ta ɗaya: makarantar kurame

Tarihin waɗannan makarantu a yankinmu yana komawa ga Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kurma wanda ya gama Gallaudet a 1954. Ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗewa a ƙasashen Afirka da dama har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Da maganar hannu ta Amurka ya zo, shi ya sa har yau wadda ake koyarwa a makarantun Najeriya daga can tushenta yake, haɗe da Turanci. A Nijar da Chadi da yawancin Kamaru ma tushen ɗaya ne, sai dai da Faransanci aka haɗa ta. A Kano, makarantar Tudun Maliki ta fara aiki a 1977, kuma yawancin jihohin Arewa suna da makarantar masu buƙata ta musamman, galibi a babban birni.

A ma'aunin harshe, wannan hanya tana da ƙarfi sosai, kuma sirrin ba a cikin aji kaɗai yake ba. Yana filin wasa da ɗakin kwana da layin abinci. Yaron da ya zo da nuni goma sha na gida, cikin 'yan watanni za ku same shi yana ba da labari, yana gardama, yana tsokana, domin a karon farko kowa a kewayensa yana magana da harshen da yake iya gani duka. Ƙarfin haɗuwar yara kurame ya kai a ce a Nikaraguwa, da aka tara su a makarantu a Managuwa daga ƙarshen shekarun 1970, su da kansu suka haifar da sabon harshen hannu duk da cewa malamansu furuci suke koya musu. A irin wannan makaranta ne kuma yaro yake fara ganin babban mutum kurma yana koyarwa, yana da iyali, yana karɓar albashi. Wannan gani yana gyara tunanin yaro game da kansa fiye da kowace nasiha.

Amma sunan makarantar kurame bai isa shaida ba. Akwai malaman da aka tura irin waɗannan makarantu ba su iya hannu ba sai haruffa da 'yan kalmomi, sai su cika allo da rubutu yara su kwafa. Akwai masu magana da baki suna jefa alama ɗaya-ɗaya a kan jerin kalmomin Turanci, abin da bai zama Turanci ba bai kuma zama maganar hannu ba. Sannan yawanci ba a karɓar yaro sai ya kai shekarun firamare, alhali mafi tsadar shekarunsa sun riga sun wuce. Idan kun je dubawa, ku nemi a bar ku ku zauna a aji. Ku lura ko yara suna yi wa malami tambaya yana ba su amsa da hannu ba tare da inda-inda ba. Ku tambayi malamai kurame nawa ne a makarantar. Ku kalli yaran lokacin tara: in hannuwa suna tashi ko'ina, akwai rai a wurin.

Ta fuskar kuɗi, wannan ce mai rangwame. Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Abin da zai fita daga aljihunku shi ne kuɗin mota, kayan makaranta, sabulu da ɗan guzuri in ta kwana ce. Masu zaman kansu kuwa kowace da farashinta. Ɗorewa tana da kyau, domin harshen da ya shiga kai ba ya bukatar batir.

Haɗarin yana wajen kwana. Ƙaramin yaro nesa da uwarsa abu ne mai nauyi, kuma yaron da iyayensa ba su iya harshensa ba, in wani ya cuce shi, wa zai gaya wa? Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa duk wanda ya kai ɗansa makarantar kwana ya koyi hannu shi ma, ya riƙa ziyara, ya riƙa keɓewa da shi yana tambayarsa. In ba haka ba, yaro zai dawo hutu da cikakken harshe ya tarar ba shi da abokin hira a gidan ubansa.

Hanya ta biyu: makarantar unguwa

Ita ce mafi sauƙi a ido. Ga ta kusa, ga 'yan'uwa, yaro yana kwana a gida, kuɗin bai wuce na sauran yara ba. Dokar 2018 ma ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da ma'aikatan da aka horar. Abin tambaya shi ne me ke faruwa a ajin da yake zaune.

In babu tafinta kuma babu na'ura, abin da ya rage masa shi ne karanta leɓen malami. Ku gwada da kanku a gaban madubi: ku ce baba, ku ce mama, ba tare da murya ba. Leɓe iri ɗaya yake motsi. Haruffan k da ƙ da g a can cikin baki suke, ido ba ya kai musu. Karin sautin da yake raba kukan yaro da kukar miya ba ya fitowa a fuska sam. Ga malami yana juya baya yana rubutu yana bayani, ga aji mai yara fiye da ƙima, ga wanda ya amsa tambaya daga baya ba a ganin bakinsa. Wanda ya taɓa jin Hausa yana iya cike giɓin da hasashe. Wanda bai taɓa ji ba, ba shi da abin da zai yi hasashe da shi.

Abin da ya fi yaudarar iyaye a nan shi ne kyan rubutu. Yara kurame sukan ƙware wajen kwafa, littafinsu tsaf, malami ya ba da maki, a wuce da su aji na gaba. Sai an kai aji biyar ko shida a gane cewa zane yake yi, bai san abin da kalmomin suke nufi ba. Haɗarin wannan hanya ke nan, kuma yana da girma don ba ya nuna kansa da wuri. Haka abin yake a makarantar allo da Islamiyya, inda karatu ya dogara ga biyawa da saurare: yaro zai zauna cikin sahu shekara da shekaru yana motsa baki, ba wanda ya taɓa fassara masa ma'anar alwala ko salla da harshen da yake fahimta.

Hoton yakan sauya in makarantar tana da sashen kurame a cikinta, da malami mai hannu da yara kurame da dama wuri ɗaya. Wannan ta kusa da hanya ta ɗaya, kuma yaro yana kwana a gida. Tafinta ma yana da amfani, amma ga wanda ya riga ya iya maganar hannu. Tafinta fassara yake yi, ba shi ne zai dasa wa yaro harshe daga tushe yana fassara darasin lissafi a lokaci guda ba. In kuma ku ne za ku riƙa biyansa, ku sa albashin mutum guda a lissafinku na kowane wata, ku kuma san cewa ranar da bai zo ba babu karatu.

Hanya ta uku: na'ura da furuci zalla

Wannan ce zuciyar iyaye ta fi so, kuma babu laifi a son jin ɗanka ya kira sunanka. Na'urorin iri biyu ne, bai kamata a gauraya su ba.

Na'urar ƙara ji, wadda ake maƙalawa a bayan kunne, ƙara sauti take yi, don haka sai da ragowar ji take aiki. Ga mai matsakaicin rashin ji tana iya sauya rayuwa. Farashinta ya danganta da iri, amma sayenta somin-taɓi ne. Batir yakan ƙare cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Robar da ake zubawa daidai kunnen yaro sai an riƙa sake ta yayin da yake girma, ga jariri ma duk bayan 'yan watanni. Gumi da ƙurar hunturu suna lalata ta, yaro yana iya jefa ta a ruwa ko ya ɓatar, kuma ko an kula da ita, wajen shekara biyar ake sa ran ta yi. Dole ƙwararre ya saita ta bisa sakamakon gwajin yaron. Waɗanda ake sayarwa a kasuwa ko a intanet ba tare da gwaji ba, suna ƙara kowace hayaniya ne gaba ɗaya, suna iya ƙarasa ɗan jin da ya rage.

Dashen na'ura a cikin kunne kuwa tiyata ce. Ana zura siririyar waya cikin wani sashe mai kama da dodon koɗi da ke can ƙuryar kunne ta riƙa taɓa jijiyar ji kai tsaye, ga wanda rashin jinsa ya yi tsanani. Kuɗinta da dala ake lissafawa, dubbai masu yawa, wato miliyoyin naira masu yawa a kunne ɗaya. Bayan tiyata akwai zuwa saiti a kai a kai, akwai shekaru na horon saurare da furuci wurin ƙwararru waɗanda ba su da yawa kuma a manyan birane suke, akwai cajin batir kullum a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, akwai sauya ɓangaren waje bayan wasu shekaru, shi ma da dala. Tiyatar tana da nata haɗarin, har da ƙarin yiwuwar kamuwa da sanƙarau, shi ya sa ake yin rigakafi kafin a yi ta. Ta fi yin kyau in an yi ta da wuri, cikin shekaru biyu na farko, ko ga wanda ya riga ya iya magana kafin ya kurumce. Ga wanda sanƙarau ya kurumtar akwai gaggawa ta musamman, domin wannan sashe na ƙuryar kunne yana iya cikewa da ƙashi cikin watanni, wayar ta kasa shiga.

Na'urar ba ita ce matsalar wannan hanya ba. Kalmar zalla ce matsalar, wato sharaɗin a hana yaro hannu. An gwada wannan a duniya, an ga ƙarshensa. A 1880 taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, wanda kusan dukkan mahalartansa masu ji ne, ya yanke cewa furuci ya fi hannu. Aka kori maganar hannu daga ajujuwa a Turai da Amurka, malamai kurame suka rasa aiki, aka shafe kusan ƙarni ana horar da yara furta sauti a maimakon koya musu ilimi. A 2010, a Vancouver ta Kanada, wannan taro da kansa ya yi watsi da matsayar Milan, ya bayyana nadama a kan illar da ta yi.

Wasu yara suna yin fice ta wannan hanya, suna magana kamar kowa. Wasu ba sa yi, ko da an kashe kuɗi iri ɗaya, kuma ba mai iya faɗa muku tun farko a wane rukuni naku zai faɗa. In an jira shekara huɗu ko biyar sannan aka gane furucin bai zo ba, an dawo wa hannu a makare. Sannan ko wanda ta yi wa aiki, in ya cire na'urar zai yi wanka ko barci, ko ta lalace ana jiran kayan gyara daga waje, kurma ne kamar da.

Hanya ta huɗu: a haɗa biyun

A nan maganar hannu ce harshen farko tun ranar da aka gano, na'ura kuma in da hali a sa, furuci in ya zo a yi murna, karatu da rubutu a gina su a kan harshen da yaro ya riga ya mallaka. Suwidin ta amince da maganar hannu ta kuramenta a 1981, ta gina karatunsu a kan harshe biyu. A Afirka, kundin tsarin mulkin Yuganda na 1995 ya ambaci maganar hannu, Afirka ta Kudu kuma ta mai da tata harshen hukuma na 12 a 2023.

Tsoron da ake ba iyaye shi ne hannu zai kashe baki. An duba yaran da iyayensu kurame ne, suka tashi da cikakkiyar maganar hannu tun haihuwa sannan aka yi musu dashe, aka tarar furucinsu da fahimtarsu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na yara masu ji. Gaskiya ne akwai masu binciken da suke ganin ɗan nunin da iyaye masu ji suke haɗawa da magana ba ya ƙara wa furuci komai, kuma muhawarar ba ta mutu ba. Amma ku dubi abin da ke kan sikeli. In kun haɗa kuma furuci ya zo, ɗanku yana da harshe biyu. In bai zo ba, yana da ɗaya cikakke. A hanya ta uku, in bai zo ba, hannunsa wayam.

Mu a ƙasar Hausa muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Akwai maganar hannu tamu ta gado, wadda wasu ke kira maganar bebaye, ba daga Amurka ta zo ba kuma ta girmi makarantun. Wata mai nazarin harshe 'yar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990 ta yi nazarinta, ta tabbatar harshe ce mai tsarinta. Kurame a Kano suna da wuraren haɗuwarsu, har da sarautar Sarkin Bebaye. Kuma ku lura a kasuwa ko tasha: mai shayi da mahauci da ɗan kamasho da dama suna ciniki da kurma da hannu ba tare da jin wani abu ba. Wannan sabo jari ne.

To wacce za a koya wa yaro, ta gida ko ta makaranta? Amsata ita ce wadda kuka fi samun mai koya muku yau. Idan akwai babban kurma a unguwa ko a dangi, ku jawo shi jiki, ya riƙa zuwa gida yana hira da yaron da ku. Idan tsohon ɗalibin makarantar kurame kuka samu, ko reshen Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa a jiharku, ku koyi ta makaranta, za ta sauƙaƙa masa shiga aji. Yaron da yake da ɗaya yana ɗaukar ɗayar da sauri, kuma manyan kurame da yawa a Arewa suna juya biyun. Ta makaranta ce take kaiwa ga jarrabawa da gaba da sakandare, irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ko Jami'ar Ilorin mai cibiyar tallafa wa ɗalibai kurame. Ta gida kuma ita ce ta zumunci da kasuwa.

Tsadar wannan hanya ba kuɗi ba ne, wahala ce. Sai gida ya koma makaranta. Uwa takan koya, yayye da ƙanne sukan fi kowa saurin ɗauka, uba ne sau da yawa ake bari a baya, sai ya wayi gari yana neman ƙaramar 'yarsa ta yi masa tafinta tsakaninsa da ɗansa. Iyaye maza, wannan aikin naku ne ku ma. Akwai kuma wani giɓi da ba a cika faɗa ba: makaranta da Turanci take koya wa yaro rubutu, gida kuma Hausa ake yi, sai ya zama ko saƙon waya ba ya haɗa shi da mahaifiyarsa in ba ta yi boko ba. Maganin shi ne hannu a gida, sannan a koya masa rubutun Hausa da gangan, a liƙa sunan abu a jikin abin, a nuna alamarsa, a nuna rubutunsa.

Kwatanci a taƙaice

| Hanya | Harshen da ke isa ga yaro | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi ga gida | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Makarantar kurame | Mai yawa, in malamai sun iya hannu | Kaɗan a ta gwamnati | Mai kyau | Matsakaici, akwai nisa | Shiga a makare, rabuwa da gida |
| Makarantar unguwa | Kaɗan ƙwarai in babu tallafi | Kaɗan, sai in da tafinta | Ya rataya ga malami ko tafinta | Mafi sauƙi | Shekaru su wuce babu fahimta |
| Na'ura da furuci zalla | Ya danganta da yaro da na'ura | Mai yawa, dashe ya fi, kuma ba ya yankewa | Ya rataya ga batir, gyara da kuɗi | Mai wuya, zirga-zirgar asibiti | Furuci ya ƙi, hannu ya makara |
| Haɗa hannu da na'ura | Mafi yawa | Daidai ƙarfinku | Mai kyau ko na'ura ta tsaya | Mai wuya a farko | Gida ya gaji ya daina koyo |

Wace ta dace da wa

Jaririn da aka haifa ba ya ji, ko ya kurumce kafin ya fara magana, kuma gwaji ya nuna rashin jin mai tsanani ne: hanya ta huɗu, daga wannan makon. Ƙa'idar da likitocin Amurka suke bi ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, kuma hannu ne taimakon da ba ya jiran kuɗi. Idan ya isa shiga aji, makarantar kurame ko mai sashen kurame.

Mai matsakaicin rashin ji, wanda yake amsa kira in an ɗaga murya: na'urar ƙara ji da aka saita a asibiti, makarantar unguwa, kujerar gaba, a kuma gaya wa malami ya riƙa fuskantarsa in yana bayani. Ku riƙa gwada shi da tambayar abin da ya fahimta, ba duba littafinsa kaɗai ba. Ɗan hannu a gefe zai yi masa rana a wurin hayaniya da lokacin da na'ura ta tsaya.

Wanda ya iya Hausa sannan sanƙarau ko wani ciwo ya tafi da jinsa: ku koma asibiti da gaggawa a duba batun na'ura ko dashe. Ku ci gaba da yi masa magana fuska da fuska don kada furucinsa ya dusashe, ku dage da karatu da rubutu, ku shigo da hannu a hankali. Irin wannan yaro yakan yi ƙunci mai tsanani a watannin farko, kuma haɗa shi da kurame tsaransa yana rage masa.

Masu halin dashe: ku yi, da wuri, bayan kun lissafa kuɗin shekara goma ba na tiyata kaɗai ba, kun kuma tabbatar akwai mai saiti da mai horon furuci da za ku iya kaiwa gare su. Idan aka gindaya muku sharaɗin barin hannu, ku tambayi abin da yaron zai riƙa fahimtar duniya da shi kafin furucin ya zo.

Mazauna ƙauye da ke nesa da kowace makarantar kurame: maganar hannu ta gida tare da manyan kuramen yankin tun yana ƙarami, sannan makarantar kwana idan ya iya kula da kansa kuma ya iya gaya muku abin da ya same shi. In akwai dangi a birnin da makarantar take, zama a wurinsu yana jeka-ka-dawo ya fi wa ƙaramin yaro.

Wanda ya riga ya kai shekara goma ko fiye bai taɓa shiga aji ba: makarantar kurame duk da haka, ko da za a sa shi cikin ƙanana, tare da koyon sana'a wurin mai sana'a kurma in an samu, tela ko kafinta ko mai gyaran waya. A wurinsa zai sami sana'ar da harshen a lokaci guda, kuma ku nemi wanda zai koya masa addininsa da hannu.